Ƙamusun Oxford na Masu Koyon Turanci: Gwajin da Na Yi Masa da Kalmar "Run"

Shekara ta shida ke nan ina koyar da Turanci a wani ajin yamma na manya a cikin garin Bauchi. Yawancin masu zuwa ajin 'yan kasuwa ne daga Wunti da Muda Lawal, sai teloli biyu, da wani direban babbar mota, da matasa kaɗan waɗanda ke shirin sake zama jarrabawar WAEC. A farkon zangon da ya wuce na saya wa ajin ƙamusun nan mai suna Oxford Advanced Learner's Dictionary, bugu na goma, wanda ya fito a shekarar 2020. Na yi wata huɗu ina aiki da shi kusan kullum, kuma ina ganin ya kamata in faɗa wa malamai da iyaye abin da na samu a cikinsa, domin littafi ne mai tsada, ba irin wanda ake saye da ka ba.

Wata jimla ce guda ta tura ni sayensa. Wata rana bayan sallar la'asar na rubuta a allo cewa "My uncle runs two shops in the market", na nemi wanda zai mayar da ita Hausa. Ɗaya daga cikin telolin, dattijo mai natsuwa wanda ba ya magana sai ya tabbata, ya buɗe ɗan ƙaramin ƙamusunsa na aljihu, ya duba, sannan ya ɗaga kai ya ce: "Malam, wato kawun nan yini yake yi yana guje-guje tsakanin shagunansa biyu?" Babu wanda ya yi dariya, domin kowa a ajin haka ya fahimta. Dattijon bai yi kuskuren karatu ba. Littafin da ke hannunsa ma'ana ɗaya ya ba shi, wato gudu, shi kuwa ya yi amfani da abin da aka ba shi.

Tun daga ranar na tabbata cewa manyan kalmomi ba su ne ke kayar da mai koyon Turanci ba. Doguwar kalmar kimiyya mai gaɓa biyar yawanci ma'anarta ɗaya ce, idan ɗalibi ya haddace ta ya gama da ita. Abin da ke kayar da shi su ne 'yan ƙananan kalmomin nan da ya ɗauka ya sani tun yana aji ɗaya na firamare, waɗanda suke sauya riga a kowace jimla ba tare da sun sanar da shi ba. Saboda haka duk ƙamusun da zan auna, da irin waɗannan kalmomi nake auna shi, kuma ban san wadda ta kai "run" dacewa da wannan aiki ba.

Kafin in shiga cikin littafin, akwai abin da mai saye ya kamata ya sani game da kasuwa. A shagon da na fara shiga, a kusa da kasuwar Wunti, an miƙo mini kwafi mai araha ƙwarai, amma da na buɗe sai na ga tawadar ta dushe, rubutun bayan shafi yana leƙowa ta gaba, wasu ƙananan alamomi kuma sun zama ɗigo-ɗigo. A shago na biyu mai shagon ya ajiye mini kwafi biyu a kan kanta, ya ce: "Malam, ga na asali, ga kuma jabu. Ka buɗe su duka ka gani da idonka, kada gobe ka ce na rufe ka." Na yaba masa wannan gaskiya. Na asalin bugun launi ne, jagororin kalmomi suna fitowa da shuɗi, takardar siririya ce amma rubutun yana nan raɗau, ɗinkin gindin kuma yana da ƙarfi. A ƙamus irin wannan launi ba ado ba ne, domin da shi ido yake gane inda wata ma'ana ta ƙare wata ta fara, kuma wanda ya sayi jabu ya rasa rabin amfanin littafin tun kafin ya isa gida.

Kalmar da na zaɓa tana da tarihi a wurin masu aikin ƙamus. Babban ƙamusun Oxford, wanda ya bi tarihin kowace kalmar Turanci tun daga asalinta, an kammala bugunsa na farko a shekarar 1928, bugu na biyu kuma ya fito a 1989 cikin juzu'i 20. A wancan bugu na biyu kalmar "set" ce ta fi kowace tsawon bayani, da ma'anoni 430. Da aka zo sabunta aikin, wani masanin ƙamus mai suna Peter Gilliver ya shafe wata tara a kan "run" kaɗai, kuma a shekarar 2011 aka bayyana cewa ma'anoninta a matsayin aikatau sun kai 645, ban da waɗanda take da su a matsayin suna. Ba abin mamaki ba ne, domin zamanin injuna da jiragen ƙasa da motoci da kwamfuta duk ya jingina da ita: inji idan yana aiki ita ake faɗa, jirgi idan yana zirga-zirga ita ake faɗa, manhajar kwamfuta ma idan an tayar da ita, ita ɗin ce dai.

Wanda nake sharhi a kansa ba wancan babban ba ne. Wannan an yi shi ne musamman domin waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne. Asalinsa aikin wani malamin Ingila ne, A. S. Hornby, wanda ya koyar da Turanci a Japan ya ga irin wahalar da ɗalibansa ke sha. An fara buga aikin nasa a can a 1942, sannan madaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar da shi a 1948. Wannan asali yana bayyana a kowane shafi, domin an rubuta littafin da tunanin malamin aji wanda ya san inda ɗalibi zai yi tuntuɓe. Bai yi ƙoƙarin zuba ma'anoni ɗaruruwa ba. Ya tsamo waɗanda mutum zai ci karo da su a jarida da ofis da jarrabawa, ya jera su daga wadda aka fi amfani da ita.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka raba shafin. Kafin kowane rukunin ma'ana akwai ɗan gajeren take da ke nuna fagen da ake magana a kai: tafiya da sauri a ƙafa, tsere, shugabantar harka, injuna da ababen hawa, ruwa da abin da ke kwarara, launi, zaɓe, da sauransu. Ɗalibi ba sai ya karanta shafin duka ba. Zai gangara da yatsa a kan waɗannan taken har ya iso wanda ya yi daidai da jimlarsa. Da na ba telan nan littafin na ce ya nemo mini kawun mai shaguna biyu, bai kai minti biyu ba ya tsaya a kan taken shugabantar harka, ya karanta misalan da ke ƙarƙashinsa a hankali, ya ce: "Ashe gudanarwa ake nufi." Bayanan ma'anar an rubuta su da kalmomi masu sauƙi daga jerin nan na kalmomi dubu uku da madaba'ar ta ware a matsayin waɗanda suka fi muhimmanci, don haka ba a cika samun matsalar nan ta neman ma'anar kalma ɗaya a faɗa cikin wasu uku da ba a sani ba. Akwai kuma ƙananan alamomi irin su A1 da B2 da ke nuna matakin da ya kamata ɗalibi ya san ma'anar, abin da ke taimaka wa malami ya san wadda zai fara koyarwa da wadda zai jinkirta.

Amsar telan ita ce ta buɗe mini wata ƙofa da ban lura da ita ba duk tsawon shekarun da na yi ina koyarwa. Kalmar gudanarwa ai daga gudu ta fito. Ruwa yana gudu, ko yana gudana, shugaba kuma yana gudanar da mulki, ɗan kasuwa yana gudanar da shagonsa, wato yana sa harkar ta riƙa tafiya kamar yadda ruwa ke bin magudanarsa. Tunanin da Bature ya yi har ya ɗauki kalmar gudu ya ɗora wa riƙon shago, shi ne tunanin da kakanninmu suka yi ba tare da sun taɓa jin Turanci ba. Da na nuna wa ajin haka, sai jimlar da ta gagare su ta zama tasu. Muka bi shafin muna neman sauran wuraren da harsunan biyu suka haɗu. Muka rubuta cewa kogin Gongola "runs" a ƙarƙashin gadar Dindima, kowa ya ce gudana. Muka rubuta cewa ruwan madatsar Gubi "runs" cikin bututu zuwa gari, nan ma babu gardama. Har a ɓangaren suna mun tarar da wata haɗuwar, inda ƙamusun ya nuna cewa a maganar yau da kullum Turawa na kiran ciwon zawo "the runs", mu kuwa muna ce masa gudawa. Direban babbar motar ya ƙara da cewa shi kunnensa yana jin gudu har a cikin gudummawa, tunda mai kai ɗauki ba ya tafiya a sannu.

Amma haɗuwar tana da iyaka, kuma a nan ne misalan ƙamusun suka yi aikinsu sosai. Hanyar da ta tashi daga Bauchi ta bi ta Alkaleri zuwa Gombe a Turanci "runs" take yi, a Hausa kuwa miƙewa take yi, ko ta bi, ko ta ratsa. Atamfar da launinta ke fita a wanki Bature ya ce launin ya yi gudu, mu mun ce ta zuba, kuma telolin ajin sun riƙe wannan tun daga jin farko domin abin sana'arsu ne. Mai mura hancinsa yoyo yake yi a wurinmu. Mai zazzaɓi, wanda Bature ke ce masa "run a temperature", mu a wurinmu jikinsa ne ya yi zafi. Halin da ake samu a zuriya, wanda Turanci ke cewa yana gudu a cikin dangi, mu gado muke kiransa. Maganar zaɓe ta fi jan hankalin ajin: ɗan siyasa a Turancin Amurka gudu yake yi wa kujera, a Hausa kuwa tsayawa takara yake yi, kuma ƙamusun ya nuna cewa mutanen Ingila ma suna amfani da "stand", wato tsayawa. Daga nan ɗalibai suka gane dalilin da ya sa jaridu ke kiran abokin takara "running mate", da dalilin kiran zagaye na biyu na zaɓe "run-off".

Sashen da na fi daɗewa a kansa shi ne na aikatau mai ɗan rakiya, wato inda "run" ke ɗaukar wata 'yar kalma a bayanta sai ma'anar ta juya gaba ɗaya. Littafin ya tara waɗannan a ƙarshen bayanin aikatau, kowanne da jagoransa da misalansa, kuma ya nuna ko ana iya raba kalmomin biyu a saka karɓau a tsakani. Da "away" ta zama tserewa, da "into" ta zama yin kiciɓis da wani a hanya, da "over" ta zama take mutum ko dabba da mota. Da "down" tana iya nufin batir ya yi sanyi, tana kuma iya nufin kushe mutum a bayan idonsa. Wanda ya fi ba ɗalibaina wahala shi ne "run out of", kuma wahalar ba ta ma'ana ba ce, ta ginin jimla ce. Bahaushe cewa yake yi mai ya ƙare mana, wato man ne mai aikin, mu abin ya faɗo wa. Bature kuwa kansa yake sawa a gaba ya ce "we ran out of petrol". Ƙamusun ya kawo siga biyun, wadda abin ke ƙarewa da kansa da wadda mutum ke gaba, kuma ganin su kusa da juna ya warware abin da na yi shekaru ina bayani da baki ba tare da ya zauna ba.

Ɓangaren suna ya fi gajarta, amma an tsara shi da kyau. Akwai fita gudu domin motsa jiki, akwai tafiya ta yau da kullum da mota ke yi a hanya ɗaya, akwai jerin abubuwa iri ɗaya da ke faruwa a jere kamar nasara bayan nasara, akwai yawan kwafin da aka buga na littafi a lokaci guda, akwai kuma rububin da jama'a ke yi su kwashe kuɗinsu daga banki idan sun ji tsoron zai durƙushe. A ƙarƙashin salon magana ɗalibi zai sami "on the run", wanda ake faɗa wa mai laifin da ya tsere ake nemansa, da "in the long run", wanda masu rubutun jarrabawa ke yawan sakawa a insha'i ba tare da sun san yana nufin abin da zai kasance bayan an daɗe ba.

Idan ɗalibi ya fara gunaguni cewa Turanci ba shi da tsari, nakan tambaye shi halin da baƙo zai shiga idan an koya masa cewa "ci" tauna abinci ne kawai. Zai ji an ce yaro ya ci jarrabawa, wane ya ci bashi, wane ya ci amana, wane ya ci sarauta, kasuwa ta ci, wuta ta ci rumfa, alƙali ya ci mutum tara, Wikki Tourists ta ci wasa, kuma a ce masa ya ci gaba da sauraro. Babu Bahaushen da ke ruɗewa da waɗannan, domin bai taɓa haddace su a jere ba, a cikin magana ya tsince su, kowace tare da abokan tafiyarta. Wannan ƙamus ya fahimci haka, shi ya sa ya fi ba da fili ga jimlolin misali fiye da bayanin ma'ana, kuma ya nuna da baƙin rubutu kalmomin da suka saba tafiya tare. A ganina wannan ne babban abin da ya raba shi da 'yan ƙananan ƙamusoshin aljihu.

Ba zan ɓoye inda ya gaza mana ba. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, dattawan ajin sai da tabarau, kuma idan wuta ta ɗauke bayan magariba fitilar waya ba ta wadatar da shafi mai cunkoso irin na "run". Littafin yana da nauyi, ba na sawa a aljihu ba ne. Alamomin nahawu, kamar harafin da ke nuna aikatau so-karɓau da wanda ke nuna ƙi-karɓau, suna buƙatar malami ya zauna ya bayyana su, kuma na ware darasi biyu cur a kan shafukan farko masu bayanin yadda ake amfani da littafin, waɗanda yawancin masu saye ke tsallakewa. Wasu ma'anonin kuma sun fito daga rayuwar da ba tamu ba: makin wasan kurket, gangaren da ake sulu a kan ƙanƙara, zaren doguwar safar mata da ya warware. Ba laifi ba ne a kawo su, tunda Turancin duniya ake koyarwa, sai dai malami a Bauchi zai yi aikin ƙirƙiro misalai daga kasuwa da tasha da gona kafin ma'anar ta kama ƙasa.

Babbar iyakarsa ita ce babu Hausa a cikinsa ko kalma ɗaya. Wanda bai kai matakin karanta gajeren labari da Turanci ba zai sha wuya, kuma a gare shi ya fi kyau a haɗa wannan da ƙamusun Turanci zuwa Hausa, irin wanda Roxana Ma Newman ta wallafa a 1990. Haɗuwar gudu da gudanarwa da na ambata, wadda ita ce ta fi amfanar ajina, ba daga shafin Oxford ta fito ba, daga bakin tela ta fito, littafin dai ya shimfiɗa masa hanyar ganinta ne. Haka kuma ma'anar da matasanmu ke ba "runs", wato 'yan dabarun bayan fage ko satar amsa a jarrabawa, a titi da makarantu ake jin ta, kuma ya kamata malami ya gargaɗi ɗalibi kada ya saka ta a rubutun hukuma.

Sai batun furuci. A bakin yawancinmu "run" da "ran" sauti ɗaya suke fita, kamar muna ambaton Ƙofar Ran, alhali na farko na yanzu ne, na biyu na abin da ya wuce, sannan siga ta uku ta sake komawa "run". Littafin ya rubuta furucin kowanne da alamomin sauti, amma waɗannan alamomi karatu ne mai zaman kansa. Abin da ya taimake mu shi ne shafin intanet na ƙamusun, inda ake danna kalma a ji ta da muryar Ingila da ta Amurka. Na kan sa wayata a tsakiyar aji mu saurara, mu maimaita, har kunne ya fara raba su.

Ga ɗalibin babbar sakandare, da mai shirin shiga Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko kwalejin kimiyya da fasaha, da ma'aikacin da ke rubuta wasiƙun ofis, da duk malamin Turanci, ina ganin kuɗin da za a kashe a kan na asalin ba asara ba ne, kuma kwafi ɗaya zai yi wa gida guda shekaru. Ga yaron firamare ya yi girma, a jinkirta masa. A ajinmu kwafin yana kwana a hannun ɗalibai bi da bi, kowa dare biyu. Makon jiya telan ya dawo da shi da 'yar takarda a tsakanin shafuka, ya rubuta jimloli bakwai da "run" a kan shagonsa, daga zaren da ya ƙare masa har zuwa keken ɗinkin da ke aiki da janareta, shida daga ciki daidai suke. Ya roƙi a bar masa littafin ƙarin dare biyu, domin ya buɗe shafin "get" ya tarar shi ma ya cika fal.